Gasar 'yan dagaji a Kaduna: wa ya riƙe ta jiya, wa ke riƙe da ita yau

Tambayar ta zo ne daga wani matashi a Rigasa. Ga ta a taƙaice: "Baba, ƙanena ya shekara uku yana buga wa wata ƙungiya a gasar Nationwide. Kullum tirenin, kullum tafiya, amma ban taɓa ganin ya shigo gida da albashi ba. Wai yaushe aka kafa gasar nan, kuma haka take tun asali? Mahaifiyarmu so take ya bari ya kama sana'a."

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ku yanke hukunci. Na daɗe ina riƙe jakar takardun ƙananan ƙungiyoyi a garin nan. Ni ne sakatare, ni ne mai cike fom ɗin rajista, ni ne kuma mai sammakon zuwa tasha cinikin bas idan za mu buga wasa a wani gari. Shekarun da kake tambaya zan faɗa maka su, amma su kaɗai ba za su gaya maka dalilin da ƙanenka ke dawowa gida hannu rabbana ba. Wanda ke son ya gane tarihin ƙaramar ƙwallo a Kaduna, sai ya bi sawun aljihun da kuɗin ke fitowa. Aljihun nan ya sauya hannu sau uku a idona, kuma duk sanda ya sauya, rayuwar ɗan wasa ma sai ta sauya.

Bari mu fara sanin inda ƙanenka yake tsaye. Ƙwallon Najeriya tsani ce. A can sama akwai Firimiya, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda su Kano Pillars da Enyimba da Rangers suke. Ƙarƙashinta akwai NNL, rukuni na biyu, wanda aka daɗe ana raba shi gida biyu, Arewa da Kudu, don a rage wa ƙungiyoyi nisan tafiya. Sai matakala ta uku, Nationwide League One, da ake taƙaitawa NLO. Ita ce da can ake kira gasar 'yan dagaji, ita ma da nata rukunan a ciki, kuma shiyya-shiyya ake buga ta. Daga nan sai gasar jiha da hukumar ƙwallon jiha ke shiryawa, sai kofunan unguwa da na ƙananan hukumomi da na 'yan siyasa, waɗanda ba su da iyaka. A takarda, ƙungiyar unguwa za ta iya taka matakalan nan ɗaya bayan ɗaya har ta yi karo da Enyimba. Akwai ma wata ƙofa ta gefe: kofin hukumar ƙwallon jiha, wanda waɗanda suka kai wasan ƙarshe ke wakiltar jihar a kofin ƙasa, wanda a da ake kira Kofin Ƙalubale. Ta nan ne ƙaramar ƙungiya kan samu ta buga da babba, wani lokaci har ta ba ta kunya.

Kofin nan kuwa ya girmi lig nesa ba kusa ba. An fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma wadda ta fara ɗauka ita ce Marine, ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta Legas. Ka lura da sunan. Sauran manyan wancan zamani ma haka suke: Reluwe, 'yan sanda, ma'aikatan gidan waya, ma'aikatan wutar lantarki. Duk wuraren aiki ne. A 1953 'yan Kano suka kawo kofin Arewa. Lig na ƙasa baki ɗaya sai a 1972 aka fara shi, da ƙungiyoyi shida kacal, Mighty Jets ta Jos ta lashe na farko. To daga 1972 har zuwa 1990, a hukumance babu ɗan ƙwallo ko ɗaya a Najeriya da ƙwallo ce sana'arsa. Daga na rukunin farko har na ƙarshe, kowa ɗan dagaji ne a takarda. Amma suna cin abinci, suna aure, wasu har da gina gida. Ta yaya?

A nan ne Kaduna ta yi zarra, domin gari ne na albashi. Hedkwatar Arewa ce, mahaɗar jirgin ƙasa ce, ga barikokin soja. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin ƙera makamai na DIC ya zo a 1964, Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Ma'aikata dubbai, daga kowane lungu na ƙasar nan, kowa da katinsa na aiki. Kamfani kuma yana son a ji sunansa, yana son ma'aikatansa su sami abin taruwa a kai ranar Asabar. Sai ya kafa ƙungiyar ƙwallo. UNTL ta riƙe ƙungiya, DIC ta riƙe, daga baya bankin NUB ma ya riƙe tasa. Idan aka ga yaro ya iya taka leda a gasar makarantun sakandare ko a filin unguwa, ba kwantiragin ƙwallo ake ba shi ba, aiki ake ɗaukarsa. A sa shi a sito, ko ofishin biyan albashi, ko wajen masu gadi, sunansa ya shiga rajistar ma'aikata.

Na san wani ɗan baya da ya yi irin wannan rayuwa, maƙwabcinmu ne. Da safe zai sa kakinsa ya hau keke ya tafi masaƙa kamar kowa. Sha biyun rana ta yi, sai fomansa ya sallame shi, don an san da yamma akwai atisaye. Ranar da za su yi tafiya motar kamfani ce ke kai su, kamfani ke biyan masauki, in ya dawo da targaɗe asibitin kamfani zai je. Ƙarshen wata ya shiga layi ya karɓi ambulan ɗinsa tare da masu saƙa. Da gwiwa ta ƙi, ya ajiye takalmi, bai rasa komai ba sai shewar 'yan kallo: ya koma teburinsa na sito ya ci gaba da aiki. Ka ga ma'anar rabi ƙwallo rabi aiki a wancan lokaci ke nan. Rabin aikin shi ne ginshiƙi, ƙwallon kuwa ado ce a kai. Ba na ce komai lafiya lau ba ne. Albashin ba wani mai yawa ba ne, filayen duk ƙasa ce da tsakuwa, kuma ranar da manaja ya ga dama sai ya rushe ƙungiya ba mai ce masa don me. Amma uwa ba ta zama tana lissafin ko ɗanta zai shigo da wani abu a ƙarshen wata.

Daga cikin ƙungiyoyin kamfanin nan wadda ta fi nisa ita ce DIC Bees. A 1983 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Rangers ta Inugu ta doke ta a bugun fenariti. Daga baya ƙungiyar ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa, wanda ya zama sanata daga bisani, sunanta ya koma Ranchers Bees. Nan aljihu ya sauya karo na farko: daga kamfani zuwa attajiri guda. Ba a Kaduna kaɗai ba, yayin da ake yi ke nan a shekarun 1980. Abiola na da Abiola Babes a Abekuta, Iwuanyanwu na da tasa a Owerri. Attajiran nan sun zuba kuɗi na gaske, kuma an ga amfaninsa. Ranchers ta sake kai wa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1987, a 1988 ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna, inda Bizerte ta Tunisiya ta sha da ƙyar, a 1989 kuma ta ɗauko kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Daga wannan ƙungiya Daniel Amokachi ya fito, yaron Kaduna, yana ɗan shekara goma sha bakwai kocin Najeriya Westerhof ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, daga nan sai Club Brugge ta Beljiyam. Wanda bai ga filin Ahmadu Bello ranar wasan Ranchers a shekarun nan ba, ba zai yarda ba in an ba shi labari. Tun azahar ake rufe shaguna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Ranchers ba daga sama ta faɗo ba. Ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙungiyoyi birjik a Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo, Kakuri, Barnawa, Sabon Tasha, har Zariya da Kafanchan, ga gasar makarantu, ga gasannin ƙungiyar wasannin matasa ta ƙasa, YSFON, da ake kai yara Kano buga kofin Ramat. Wannan ƙasa ce ta fitar da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Ka ƙirga da Amokachi: 'yan Kaduna biyar ke nan cikin tawagar Najeriya da ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Babu wanda a cikinsu bai fara da filin ƙasa da raga marar zare ba.

Sai 1990, shekarar da aka ƙaddamar da gasar ƙwararru da ƙungiyoyi 16. Daga ranar aka ja layi: na sama sun zama ƙwararru masu kwantiragi, duk wanda ya rage a ƙasa ya zama ɗan dagaji da sunansa. In kana neman ranar haihuwar gasar da ƙanenka ke bugawa a siffarta ta yanzu, to daga wannan rabuwa ta samo asali. Sauye-sauyen suna da suka biyo baya, har aka kai ga Nationwide, fenti ne kawai. Niyyar mai kyau ce, a ce ƙwallo ta tsaya da ƙafarta, ta ci daga kuɗin ƙofa da talla. Sai dai an yi shuka a lokacin fari. Tun 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, kamfanoni na neman abin da za su rage, kuma abu na farko da akanta ke ja wa jan biro shi ne ƙungiyar ƙwallo. Masaƙu suka yi ta tangal-tangal, wuta ba ta tsayawa, atamfar waje ta cika kasuwa. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Mutane na maganar dubban ma'aikatan da suka rasa aiki a Kakuri, kuma gaskiya ne, wannan ce babbar musiba. Ni dai a ɓangarena abin da na gani shi ne, ranar da injin ya yi shiru, ranar ce ɗan ƙwallon Kaduna ya rasa rabinsa na aiki. Aka bar shi da rabin ƙwallo, aka ci gaba da kiransa da tsohon suna.

Attajiran ma ba su daɗe ba. Ƙungiyar mutum ɗaya tana da rai ne muddin kasuwarsa na tafiya kuma zuciyarsa na so. Ranchers ta yi ta hawa da sauka tsakanin rukunai, har yaran da aka haifa bayan 2000 suka taso suna jin sunan a matsayin sunan filin wasa kawai.

Da kamfani ya janye, attajiri ya gaji, sai gwamnatocin jihohi suka ɗauka. Yau akasarin ƙungiyoyin Firimiya na gwamnatoci ne. A nan Kaduna United ce ta zama ta gwamnati, kuma ta ba mu ranar farin ciki: a 2010 ta doke Enyimba a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, an tashi 3-3 aka je fenariti, a 2011 ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na Afirka. Efe Ambrose, wanda ya je Celtic ya kuma ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ta nan ya bi. A 2014 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Matsalar kuɗin gwamnati ita ce ba ya gangarowa ƙasa. Gwamnati ƙungiya ɗaya take riƙewa, wadda za a gani a talabijin. Kamfanoni goma kuwa ƙungiyoyi goma ne, kowace da 'yan wasa ashirin da wani abu masu albashi. Ka yi lissafin da kanka. Ƙaramar ƙungiya abin da kan kai gare ta daga ɗan siyasa shi ne jesi mai hotonsa da kofi gab da zaɓe. Zaɓe ya wuce, kofi ya wuce.

Akwai wani labari da nake so ka riƙe, don yana nuna yadda tsanin yake aiki a zahiri. Kada City, ƙungiya mai zaman kanta a garin nan, ta yi ƙoƙari ta haye Firimiya, ta fara kakar 2019. Ba a gama kakar ba gurbin ya koma hannun Delta Force, daga baya kuma ya koma Kwara United. Ba laifi aka yi ba, doka ta yarda a sayar da gurbi. Amma ka duba: hawa da gumi ake yi, zama a saman kuwa sai da aljihu mai zurfi, domin albashi da tafiye-tafiye daga Kaduna zuwa Uyo ko Aba ba wasan yara ba ne. Shi ya sa za ka ga mai ƙaramar ƙungiya na addu'ar ya haye, a ransa kuma ya riga ya san wa zai sayar wa gurbin.

Yanzu mu sauko inda ƙanenka yake. Ƙungiyar NLO ba ta da kuɗin talabijin, ba ta da kuɗin ƙofa da za a kira kuɗi, don filayen da yawa ba su da ko katanga, masu sha'awar kuma suna gidan kallo suna musu a kan Arsenal da Madrid. Amma kashewa ba ta fasa ba: kuɗin rajistar ƙungiya, lasisin kowane ɗan wasa, alawus ɗin alƙalan wasa, jami'an tsaro, mota, masauki, abinci, magani. Duk daga aljihun ciyaman, wanda galibi ɗan kasuwa ne matsakaici ko ma'aikacin gwamnati mai son ƙwallo. Don a rage kashe kuɗi ne ake yawan tara ƙungiyoyi a gari guda su buga wasanninsu cikin 'yan kwanaki, maimakon gida da waje na tsawon watanni. Wannan ya rage kuɗin mota, amma ya mayar da kakar wasa gajera: yaro ya yi wata da watanni yana atisaye, a ƙarshe wasannin da za su shiga takarda ba su taka kara sun karya ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, sai abin ya ƙara tsanani.

Ba zan manta da wata tafiya ba. Bas mai cin mutum goma sha takwas, mu ashirin da huɗu, jakunkunan jesi da ƙwallaye a kan cinya. Mun tashi bayan sallar asuba, taya ta fashe sau biyu, muka isa garin da la'asar sakaliya. Masaukin da aka yi mana alkawari ashe ajin firamare ne, aka tura bencina gefe aka shimfiɗa tabarmi. Abincin dare burodi da shayi, na safe ƙosai da koko, kuɗin ma sai da koci ya cika daga aljihunsa. Ƙarfe huɗu yaran nan suka shiga fili suka yi kunnen doki da masu gida, kuma wallahi sun fi su taka leda. A hanyar dawowa na raba musu alawus a cikin mota. Golanmu ya karɓi nasa, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Sakatare, wannan na wasan ne ko na shayin?" Motar ta kwashe da dariya, har da ni. Washegari da sassafe na gan shi a bakin titi yana jan Keke Napep.

Inda yunwa take, ba a rasa ɓarna. Abin da duniya ta fi sanin ƙaramar gasarmu da shi, abin kunya ne. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa Nationwide da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine sun zo da maki ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba gardama, kuma a lokaci guda suke buga wasanninsu na ƙarshe. Aka je hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba 7-0, Police Machine na cin Bubayaro 6-0. Da aka tashi, sakamako ya zama 79-0 da 67-0. Ƙwallo 72 Feeders ta ci cikin minti 45, wato ba a cika daƙiƙa 40 ba an zura wata. Ko ɗauko ƙwallo daga raga a kai ta tsakiya ya ci wannan lokaci. Hukumar ƙwallon ƙasa, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada. Jaridun Turai suka yi ta dariya. Mu da ke ciki ba mu yi dariya ba, domin mun san waɗannan dai hankali suka rasa wajen yi. Masu wayo 2-0 suke sayarwa ba wanda ya ji. Alƙalin wasan da mai gida ne ya biya masa masauki, ya ciyar da shi, kuma ya san ba katanga tsakaninsa da 'yan kallo, kada ka yi mamaki in ya busa fenariti a minti na 90. Ba na wanke shi. Na dai sha ganin rafali na gari yana cire rigarsa a bayan motar 'yan sanda don ya tsira.

To in babu riba, me ya sa har gobe ake kafa sababbin ƙungiyoyi, har sun fi na da yawa? Nan ne aljihu na huɗu, wanda ke riƙe da gasar a yau: cinikin 'yan wasa. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da ke shiga NLO yanzu makarantun horar da yara ne, masu kiran kansu akadami. Kofi ba shi ne gabansu ba. Suna shiga gasar ne don yaransu su sami lasisi, su sami wasannin da za a ɗauka a bidiyo a tura wa dillalai. Yaro ɗaya in ya dace ya tafi Turai, ko da ƙaramar ƙungiya ce a Norway ko Sulobakiya, kuɗinsa zai riƙe akadamin shekaru. Ga kuma tanadin FIFA: akwai diyyar horarwa ga ƙungiyoyin da suka rene yaro tun daga shekara 12 zuwa 21, sannan duk sanda aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna tsakanin shekara 12 da 23. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da kuɗin ke bi ta cikinsa. Sharaɗin ɗaya ne, sai sunan yaron ya kasance a rajista, shekara bayan shekara. Ƙungiyoyin unguwa nawa ne a garin nan suka rene yara suka tashi a tutar babu, don kawai ba wanda ya damu ya cike fom?

Wannan tsari na da alherinsa. Ya sa an koma neman yara ƙanana ana koya musu ƙwallo da tsari, kuma wasu sun fita sun taimaki gidajensu. Sadiq Umar, ɗan garin nan da ya buga a Italiya da Sifen, har ya dawo ya sa hannu a harkar Ranchers Bees, abin da ya faranta wa tsofaffi irina rai. Amma a ra'ayina tsarin ya fi na kamfani rashin tausayi. Kamfani na bukatar 'yan wasansa duka su zauna lafiya, don ma'aikatansa ne. Mai akadami kuwa ɗaya yake nema cikin talatin. Sauran ashirin da tara abokan atisayen wancan ɗayan ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Shi ya sa ake rage shekaru, domin ɗan ashirin da huɗu ba ya sayuwa. Shi ya sa kuma 'yan damfara suka sami ƙofa: mutum ya zo da takardar gayyata ta bogi, iyaye su sayar da fili, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa.

Saboda haka ka gaya wa Hajiya cewa ba ƙanenka ne ya gaza ba, kuma ba lalle ne ciyamansa na cinye masa haƙƙi ba. Matakalar da yake kai ba ta biyan albashi, sai alawus in an samu. Ita ma kuma tana da gaskiya. Magabatansa da suka ji daɗin ƙwallo a wannan mataki suna da aiki a hannu, bambancin kawai shi ne a da kamfani ke haɗa wa yaro biyun, yanzu shi zai haɗa wa kansa. Atisaye da safe ne ko da yamma, ba ya hana koyon ɗinki, ko gyaran waya, ko walda, ko karatun diploma. Kocin da ya ce wa yaro ya bar makaranta ko sana'a saboda NLO, ba masoyinsa ba ne.

Ban san shekarunsa na gaskiya ba, ku kuka sani. In bai wuce sha tara ko ashirin ba, kuma yana cikin sha ɗayan farko a kowane wasa, ku ba shi kaka biyu, da sharaɗin sana'a a gefe. In a cikinsu wata ƙungiyar NNL ko Firimiya ta kira shi gwaji da kanta, to akwai hanya. In ya haura ashirin da uku yana nan inda yake, ya ci gaba da bugawa don jin daɗi da lafiyar jiki, amma sana'ar ta koma gaba. Kada ku biya kowa ko sisi don a kai shi gwaji waje. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke turo tikiti. Kada ya sa hannu a takardar da wani babba a gidanku bai karanta ba, musamman mai cewa wani mutum ya mallake shi na shekaru. Kuma cikin makon nan ka shirya ku je tare wajen sakataren ƙungiyar, ku ce a nuna muku lasisinsa na bana da na bara da na bara waccan, ku duba sunan da ranar haihuwar da aka rubuta. In aka ce takardun na wajen ciyaman, ku nemi benci ku zauna ku jira ciyaman ɗin.